Ranar da Yaya Ya Cire Takalman Hannunsa

Yayana da hannu yake tafiya. Shan inna ya kama shi tun yana goye, ƙafafunsa suka shanye suka lanƙwashe, don haka ni tun da na buɗe ido na gan shi yana jan jiki da silifas ɗin roba a tafin hannu, gwiwoyinsa ɗaure da ƙyallen fata da Innarmu ta ɗinka masa. A Gashuwa muka tashi, a wani gida da ba shi da nisa da kogi. Shi ne babba, ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce shi ya haife ni.

Sana'arsa ɗinkin hula. A zaurenmu yake zama tun hantsi, allura a hannu, zare a baki, rediyo a gefe. 'Yan kasuwa daga Nguru da Dapchi sun san shi, kuma ba ya rage wa kowa farashi don tausayi, ba ya ƙara wa kowa don a tausaya masa. Abu ɗaya ne Yaya ya tsana a duniya, sadaka. Ran Juma'a tun kafin a fara kiran salla yake tafiya masallaci, don kada ya ratsa ƙofa lokacin da masu bara suka jeru, wani ya yi kuskure. Wata gwaggonmu ta taɓa cewa ai da zai riƙa zama a can da ya huta da tsiyayar ido a kan allura. Inna ba ta bari ta gama shan furar da aka dama mata ba.

Yana kuma da wata ɗabi'a da muke masa tsiya a kai. Duk ƙofar da mutane suke cire takalmi, shi ma sai ya zare silifas ɗinsa ya jera su tare da na kowa. Idan aka ce masa ai shi an yafe masa, sai ya ce, "Takalmi takalmi ne, ko a kai mutum ya ɗora shi. Abin da ya taka titi ba ya taka tabarmar mutane."

Ya sauke Alƙur'ani a gida, yana rubuta ajami tsaf. Boko ne ya wuce shi. Makarantar tana da nisa, tana da matakala, Baba kuma ya ce wa zai riƙa ɗaukarsa safe da rana. Da aka sa ni a makaranta, ni ce na zama idonsa. Jarida idan ta zo gari sai ya saya ya ajiye har in dawo. Takardar maganin Inna ni zan karanta. Yana kirana Malama tun ina aji biyu, da zolaya, amma na sha kama shi ya ɗora yatsa a kan babban rubutun jarida yana bin layin, alhali bai san abin da yatsan yake bi ba. Hakan yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Aure ya kai ni Nguru. Lokacin muna cikin jihar Barno, ana tsakiyar shekarun nan na fari da tsadar abinci. Ina koyarwa a firamare da safe, da yamma kuma ina koya wa mata karatun yaƙi da jahilci a ƙarƙashin wata bishiyar maina, ruwa ya kore mu, iska ta kore mu, awaki su cinye mana alli. Sai aka ji labari an ba wa kwamitin unguwa wani tsohon siton gyaɗa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, a mayar da shi wurin karatun manya. Aka sa ni a kwamitin don a ce akwai mace, ba su san mace mai baki suka ɗauko ba.

Siton tun zamanin Turawan kamfani yake. Duk wanda ya girma a garin ya san shi: bango mai kauri, rufin kwano da ya yi tsatsa, ƙofar ƙarfe mai faɗin da za ta haɗiye mota. Tun da gyaɗa ta mutu aka rufe shi. Ranar da aka fasa kwaɗon, jemagu suka yi mana maraba, na saki ihu na ɓoye bayan shugaban kwamiti, wanda shi ma yana neman bayan wani. A ciki muka tarar da tsohon sikeli, da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da tarin tsofaffin buhuna a kusurwa. Har lokacin akwai warin gyaɗa a bangon.

Matsalar ginin dakalinsa ce. An ɗaga shi daidai tsayin bayan babbar mota, don a riƙa mirgino buhu kai tsaye. Ni da tsawona ya kawo mini ƙirji. Matakala ɗaya ce siririya a gefen gabas, ƙarƙashin inuwar wata tsamiya. Wasu suka ce a rushe dakalin. Dattawan unguwa, waɗanda suka yi dako a wurin da ƙuruciyarsu, suka ce sai dai a rushe da su a kai. Wani tsoho ya kama hannuna ya shafa mini gefen dakalin inda buhuna suka goge dutsen ya yi santsi, ya ce, "'Yata, wannan bayanmu ne ya cinye shi." Ban sake goyon bayan rushewa ba.

Amma na kafe a kan abu ɗaya: sai an yi wa guragu hanya. Na faɗa a zama na farko, na faɗa a na biyu, har idan na ɗaga hannu sai shugaba ya ce, "Mun ji, Malama, guragu." Daga ƙarshe aka samo zane daga Maiduguri. Gangara ce doguwa mai sauƙin hawa, da hoton wani mutum a kan keken guragu yana murmushi. Babu fili a gabas saboda tsamiya, sai aka shimfiɗa ta a yamma, inda babu ko ƙaramar inuwa. Magini ya yi aiki da zuciya ɗaya. Ya goge simintin ya yi sumul, ya kuma zuba masa baƙin garin fenti irin wanda ake sa wa daɓen ɗakin masu hali, don ya yi kyau. Muka tsaya muna yabawa. Ni har da guɗa. A duk garin keken guragu bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, amma wannan bai faɗo wa kowa a rai ba, domin dukanmu da ƙafa muke tunani.

Na shiga mota na tafi Gashuwa takanas don in gaya wa Yaya.

"Makarantar da aka yi wa gurgu hanya?" in ji shi, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "A Nguru? Malama, ko dai rana ce ta buge ki a hanya?"

"Wallahi Yaya da idona na gani. Babu mai ɗaukarka. Da kanka za ka hau, da kanka za ka sauka."

Sai ya soke allurar a jikin hular ya dube ni. "Babu mai ɗaukata?"

"Babu."

"Kuma ba za a jera mu a gefe ana nuna mu ba?"

"Ɗalibi za ka je, kamar kowa."

Ya zare allurar ya ci gaba da ɗinki har na zaci ya ƙi. Can ya ce in gaya wa mijina ya share masa zaure. Inna ta ce tun daga ranar ya ajiye aikin mutane ya kama ɗinka wa kansa sabuwar hula, abin da bai taɓa yi ba ko da salla.

An sa bikin buɗewa da hantsi, cikin tsakiyar bazara. Wanda ya san Nguru a bazara ya san abin da nake nufi: ƙarfen ƙofa ma sai da ƙyalle ake kama shi. Manyan baƙi ba su iso ba sai bayan azahar, rana ta take ta fara karkata yamma. A cikin siton an shimfiɗa sababbin tabarmi, liman zai buɗe da addu'a. Shugaba ya sa an wanke gangarar tun asuba, ya kuma ba maigadi umarni kada wanda ya taka ta da takalmi kafin baƙi su gani. Jama'a suka tara takalmansu a gindinta, suka zaga ta matakalar gabas mai inuwa. Ni ina can sama a kan dakali tare da matan ajina, mun sha anko, muna jiran mu yi waƙar maraba.

Daga nan na hango mijina ya sauke Yaya daga babur a bakin fili, aka kira mijin nawa ɗauko benci ya tafi. Yaya ya taho cikin farar riga da sabuwar hularsa, silifas ɗinsa suna tas-tas a ƙasa. Zuciyata ta cika. Na taɓa matar da ke kusa da ni na ce, "Ga yayana can." Ya iso gindin gangara, ya dubi tarin takalma, ya zare nasa ya jera su a gefe.

Maigadin, wani dattijo Bamange, ya ɗan yi turus. Na ji ya gaishe shi da yarensu ya ce, "Wushe, Malam, kai kam ko ka bar naka..." Yaya ya girgiza kai yana dariya. Na san abin da ya ce ko ban ji ba.

Ya ɗora hannu ya fara hawa. Da farko da sauri, har ina jin daɗi. Sai na ga saurin ya canza, ya zama irin na wanda ake kora. Yana taɓa simintin yana ɗauke hannu kamar mai juya waina a tanda. Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, na ɗauka ɗoki ne. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak, ya zauna a kan ƙafafunsa, ya ɗago hannayensa biyu a gaban ƙirji, tafin a buɗe yana kallon sama, yana hura musu iska.

Daidai lokacin shugaba ya biyo gangarar da manyan baƙi, don ita ce abin nunawa. Su da takalmansu, ba wanda zai ce musu su cire sai a bakin ƙofa. Na gaba wani alhaji ne mai kirki, an san shi da kyauta a garin. Ya ga gurgu zaune a hanya da hannu a buɗe. Bai ko rage tafiya ba. Ya sa hannu a aljihu, ya zuba wa Yaya sulalla a tafi, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya wuce. Na bayansa ya ga an bayar, shi ma ya bayar. Na uku ya bayar. Wani ma da hannun ya cika sai ya jefa masa a cinya.

Matan suka fara waƙar maraba, domin an gaya musu da zarar baƙi sun hau su fara, ni kuma ina tsaye ina kallon fuskar Yaya. Bai yi fushi ba, da fushin ne da sauƙi. Kallon hannunsa kawai yake yi, kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya.

Ban san lokacin da na ture mutane na diro gangarar ba takalmi ba. Tafin ƙafata na taɓa simintin na ji wuta ta harbo har ƙwaƙwalwata. Sai a lokacin na gane. Ni da ƙafar da ta saba da rairayin Gashuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina ta ɗaga wannan ina sauke waccan. Shi kuma da tafin hannu ya hawo, hannun da yake riƙe allura da shi.

"Ranka ya daɗe!" Na ji muryata ta fita ta danne waƙar. "Ɗalibi ne! Karatu ya zo, ba bara ba!"

Alhajin ya juyo a ruɗe. "Malama, ai don Allah na bayar."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba a roƙe ka ba."

Waƙa ta yanke. Shugaba yana mini alama da ido in yi shiru, ni kuwa da zan samu abin jifa a lokacin da shi zan fara. Yaya ya karkatar da hannayensa a hankali, kuɗin suka zube. An yi gangarar don abu mai taya, sai ga sulalla suna gangarawa tiryan-tiryan, suna ƙara, har suka faɗa cikin tarin takalman da ke ƙasa. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai su.

Mijina ya iso a guje ya durƙusa zai ɗauke shi. Yaya ya ce, a hankali, "Kada wanda ya taɓa ni." Na ce a miƙo silifas ɗinsa. Ya ce, "An ce ba a hawa da takalmi." Ya kifa hannayensa a kan simintin ya ci gaba. Ina biye da shi ina kuka ina tsalle-tsallen zafi, manyan mutane sun rabe gefe sun ba shi hanya, ba mai iya kallon wani. Haka ya ƙarasa, ya shiga, ya nemi wuri a sahun gaba ya zauna ya gyara hularsa da bayan hannu.

An yi addu'a, an yi jawabai, ban ji ko ɗaya ba. Wani ya yabi gangarar a jawabinsa, don an riga an rubuta masa. Daga ƙarshe malamin ajin maza ya zaga yana raba alli don a ɗauki hoton ɗalibai. Da ya zo kan Yaya, Yaya ya yi ƙoƙarin kamawa, allin ya faɗi. Tafin ya riga ya tashi, ya yi ƙuraje manya cike da ruwa. Malamin ya ce, "Innalillahi," ya tsaya da sauran allin a hannu.

A gida na jiƙa masa hannun a ruwan randa, na shafa zuma, na naɗe da tsumma mai tsabta. Ina yi ina zage-zage. Na zagi magini, na zagi shugaba, na zagi mutumin da ke murmushi a kan keke a zanen Maiduguri. Yaya ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Malama, bar zancen siminti. Siminti bai san ni ba." Daga nan bai ƙara magana a kan ranar ba, har ya bar duniya.

Ya daɗe bai riƙe allura ba. Bai iya tafiya ba ma, tunda hannun ne ƙafar. Mutumin da aka yi wa alkawarin babu mai ɗaukarsa, sai ga mijina yana ɗaukarsa zuwa bayan gida. Kullum ina jiran ya ce a mayar da shi Gashuwa, kuma da ya faɗa ba ni da bakin hana shi. Alhajin ya aiko a ba shi haƙuri, da kwandon mangwaro. Yaya ya karɓi haƙurin ya ce a mayar da kwandon.

A zaman kwamiti na gaba ban ɗaga hannu ba, na miƙe kawai. Ba wanda ya ce "Mun ji, Malama." Aka kafa rumfar zana a kan gangarar tun daga ƙasa har sama. Dattawan nan na dako su suka kwaso tsofaffin buhunan da muka tarar a kusurwa, suka wanke, suka farke, suka shimfiɗa su a kan simintin suka danne gefe da katako. Shugaba da kansa ya durƙusa da tsakar rana ya ɗora tafinsa a kai ya jima. Aka kuma gaya wa maigadi takalmin hannu ba ya cikin doka.

Ranar da aka kwance wa Yaya tsumma, ya lanƙwasa yatsunsa ya miƙe su, ya ce, "To yaushe ake fara karatun na gaske, wanda babu baƙi?"

Ya koma, kuma ya yi karatu. Kansa kamar busasshen soso a ruwa, kafin kaka ta zagayo yana karanta mini jarida yana gyara mini inda nake yi masa tsallake a da. Wasu guragun suka biyo bayansa, har da wani masunci daga wajen Dagona da wata mata daga Karasuwa. Yana hawa da silifas ɗinsa a kan buhu, ya cire su a bakin ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, abin ya wuce.

A hankali na lura bai wuce ba. Idan na miƙa masa goro sai ya ce, "Ajiye nan." Mai sayen hula ya miƙo kuɗi, ya nuna masa tabarma da haɓa. Idan liman ya ɗaga hannu ana addu'a, kowa ya buɗe tafinsa, shi nasa suna kife a kan gwiwa, leɓensa kawai ke motsi. Na taɓa tsokanarsa na ce Yaya ai Allah ne ake roƙo. Ya ce, "Ya san ina roƙo. Mutane ne ba su san bambanci ba."

Da ajinsu ya kammala aka yi ɗan taro a cikin siton, da safe wannan karon. Wani jami'i ya zo daga Gashuwa raba takardun shaida, saurayi ne mai fara'a, bai san komai a kan abin da ya faru ba. Aka kira Yaya na farko, don shi ya fi kowa. Ya taho gaba a kan tabarma da hular nan da ya ɗinka wa kansa. Jami'in ya sunkuya da ladabi, ya miƙa masa takardar da hannu biyu, mai hoto ya saita.

Yaya bai ɗago hannu ba.

"Malam, taka ce," in ji jami'in. "Kai ka ci."

"Na gode, ranka ya daɗe. Ajiye ta a ƙasa."

Jami'in ya dubi shugaba, ya dube ni, fuskarsa ta nuna ya ji abin kamar raini. Ba wanda ya yi masa bayani. Dattawan dako sun sunkuyar da kai, ni kuma na cusa bakin mayafina a baki. Can sai jami'in ya durƙusa ya ajiye takardar a kan tabarma.

Yaya ya sa yatsu biyu, tafinsa na kallon ƙasa, ya ɗauke ta yadda yake ɗaukar allura idan ta faɗi. Ya karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sannan ya naɗe ta ya sa a aljihu.